Jan Gashin Yaro da Abin da Ke Cikin Tukunya

Sharhinmu na yau daga Runka zai taso, a ƙaramar hukumar Safana, ya ratsa Batsari da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Batun kuwa fatar jikinmu ce da gashin kanmu, da yadda abin da muke ci ke gyara su ko ya lalata su. Na san wani zai ce wannan ai zancen kwalliya ne, a bar wa 'yan mata da masu gyaran amare. Ina roƙon mai wannan tunani ya ɗan dakata kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin a wannan yanki namu zancen ya wuce kwalliya, ya kai ga rai.

A duba yaran da ke wasa a ƙofar gida da yamma. A cikinsu ba a rasa wanda gashinsa ya bar baƙi ya koma ja-ja, ya yi laushi, ya yi shara-shara har ana hango fatar kai. In uwa ta sa hannu ta ja, sai ya biyo hannunta, yaron ko uffan bai ce ba. Me muke cewa in mun gani? Wata ta ce gado ne, haka kakarsa take. Wani ya ce rana ce da birgima cikin ƙasa. Wata ta ce haƙori yake yi, wata kuma ta ba da shawara a kai shi wurin wanzami a aske, wai zai fito baƙi. Gaskiya ne akwai gidajen da jan gashi gadonsu ne, kuma irin wannan gashin yana da ƙarfi, yaron yana da kuzari. Amma yaron da aka haifa da baƙin gashi, sai bayan yaye ya fara koɗewa, ga rashin walwala, ga yawan kuka, ga ƙin abinci, wannan ba gadon kowa ya ɗauko ba. Jikinsa ne ke sanar da cewa abin da ake ba shi bai ishe shi ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Gashi kusan ɗungurungum furotin ne, wato sinadarin gina jiki, wani nau'insa da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce. A kan mutum akwai gashi wajen 100,000, kowanne yana ƙara tsawo kusan santimita ɗaya a wata, kuma in 50 zuwa 100 suka zube a rana ba ciwo ba ne. Fata ita ma ba ta hutawa, cikin kamar wata guda take sauya samanta gaba ɗaya. Duk wannan aiki da abinci ake yin sa. To idan abinci ya gaza, jiki ba ya raba ɗan abin da ya samu daidai wa daida. Zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta yake fara sallama, gashi da fata sai abin da ya rage, tunda mutum zai rayu ba gashi amma ba zai rayu ba zuciya. Shi ya sa su ne kan fara nuna alama. Har likitoci kan ga silin gashi guda mai launi hawa-hawa, nan baƙi, nan ja, can kuma baƙi. Wurin da ya koɗe, watannin da yaron ya sha wuya ke nan, galibi tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa.

Manomin Runka ya fi kowa gane wannan. In ya shiga gona ya ga ganyen dawarsa ya koma ruwan ɗorawa, ba ya ɗebo ruwa ya wanke ganyen, gindi yake nufa da taki. Abin da nake kira mu yi wa jikinmu da na 'ya'yanmu ke nan.

Tamowa iri biyu ce, kuma ɗayar ta fi ɗayar yaudara. Akwai mai ramarwa, wadda yaro zai bushe, haƙarƙari a waje, fata ta yi tamoji-tamoji kamar ta tsoho. Wannan kowa ya gani ya san ba lafiya. Akwai kuma mai kumburi, wadda asibiti ke kira kwashoko. Wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ita ta fara bayyana ta dalla-dalla a 1933, lokacin tana aiki a Akra ta ƙasar Gana ta yau. Yaran da ta gani an yaye su ne aka bar su da kokon masara tsura. A wurinmu ma hanyar ke nan: uwa ta yi kwanika, a cire yaro daga nono cikin gaggawa, a miƙa shi wurin kaka, abincinsa ya zama koko da safe, tuwo da dare. Sai ƙyanda ko gudawa ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ƙafafu su kumbura, fuska ta cika, gashi ya yi ja, fata ta yi baƙi-baƙi a cinya da ɗuwawu, ta riƙa saɓulewa tana barin jan nama a buɗe. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne, kafin fatar ta fara saɓulewa mutane kan yi wa uwar barka, suna cewa yaro ya yi kumatu, yaye ya karɓe shi. Alhali ruwa ne ya taru.

Gwajin ba ya bukatar ko sisi. Uwa, ki kama ƙafafun yaron duka biyu, ki danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, sannan ki ɗaga. In wurin ya lotsa ya zauna a lotse a duka ƙafafun, ranar za a tafi asibiti. Kada a jira ranar kasuwa, kada a jira maigida ya sayar da akuya. Kada a barbaɗa toka ko garin magani a inda fata ta saɓule, domin ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta. Kada kuma a ce za a ɗura masa abinci mai nauyi a gida don ya farfaɗo da wuri. Jikin da ya kai wannan hali ba ya ɗaukar haka, shi ya sa a asibiti da wata madara ta musamman ake farawa, kaɗan-kaɗan, dare da rana.

Kada a ɗauka labarin nesa nake yi. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa daga Janairu zuwa Yunin shekarar ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar Katsina, kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Masu irin wannan kumburi da nake magana a kai sun ƙaru da kashi 208 cikin 100 in an gwada da watanni shidan farko na 2024, wato sun ninka har sau uku. Waɗannan su ne waɗanda suka samu isa wurin likita.

Yaya aka yi ƙasar noma da kiwo ta shiga wannan hali? Dattawan ƙasar Ruma da Safana sun san lokacin da fura da nono ba abincin mai kuɗi ba ne. Matan Fulani na shigowa gari da ƙwarya, kindirmo da man shanu a wadace, talaka ya dama ya sha ya ba yaransa. Gero da nono a haɗe abinci ne cikakke, ga furotin, ga mai, ga sinadaran da fata ke bukata. Satar shanu da ta'addancin daji na fiye da shekara goma sun kwashe garken da ke ba da wannan nono, na Bafillace da na Bahaushe baki ɗaya. Gonakin da ke nesa da gari aka bar su, mutane suka taru a Batsari da Runka da Dutsinma da Katsina suna cin abin da suka samu. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wannan yanki, aka kuma katse layukan waya, duk don a matsa wa 'yan bindiga, amma talaka ma ya ji a jikinsa. Sai ga cire tallafin mai a 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

In tsada ta zo, magidanci ba tuwo yake fara ragewa ba, mahaɗi yake ragewa. Nama ya fita, kifi ya fita, wake ya zama na jefi-jefi, mai ya koma ɗan ɗigo. Daddawar kalwa, wadda ko ba yawa tana ƙara wa miya abin gina jiki, ta ba dunƙulen ɗanɗano wuri, shi kuwa daɗin baki kawai yake kawowa. Yaro zai kwana da cikinsa a cike, uwa ta ce alhamdu lillahi ya ci, amma abin da jikinsa zai yi jini da fata da gashi da shi bai shiga ba.

A ɗauki rogo, wanda ake nomawa sosai a ƙasar Batsari. Yana riƙe ciki, yana jure fari, ya ceci gidaje da dama a shekarun nan, ba zan kushe shi ba. Sai dai furotin ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Iyayenmu ba su auna wannan a ɗakin gwaji ba, amma ba su taɓa miƙa wa mutum dafaffen rogo ba tare da garin ƙuli ba. Gyaɗa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, ƙuli-ƙuli ma ya fi haka tunda an matse man. Haka dambu da zogale da gyaɗa, haka shinkafa da wake, haka koko da ƙosai, haka ɗanwake. Abin da hatsi ya rasa wake na da shi, abin da wake ya rasa hatsi na da shi. Duk inda aka raba waɗannan tagwaye saboda tsada, jiki zai nuna.

Bari in ba da labarin da ke nuna darajar gyaɗa. A 1990, a ƙasar Malawi, akwai dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Mozambik da ake ciyarwa da garin masara da ɗan wake da gyaɗa. Sai aka samu tsaiko gyaɗar ta daina zuwa na wasu watanni. Kafin shekarar ta ƙare, mutum kusan 18,000 sun kamu da wata cuta da ake kira felagra. Alamarta a fata take farawa, kuma a inda rana ke bugu: bayan hannu, bayan ƙafa, da kewayen wuya. Wurin ya yi baƙi, ya yi kaushi, ya tsattsage, yana zafi. Daga nan sai gudawa, in abin ya yi nisa sai ruɗewar hankali. Abin da ke kawo ta rashin wani bitamin ne mai suna niyasin. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka kafin su niƙa, wannan ke kwance shi. Masara ta zaga duniya, dabarar ba ta bi ta ba. A jihohin kudancin ƙasar Amurka cutar ta kashe dubban talakawa ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai da wani likita, Joseph Goldberger, ya fara bincike a 1914 ya nuna cewa daga abinci take.

Na kawo wannan ne domin masara ta ci gidaje da yawa a wurinmu, inda da gero da dawa ake ci. Kuma mun fi son a surfe ta a inji ta fita fari tas, dusar da ke ɗauke da yawancin bitamin ɗin a zuba wa awaki. Gidan da tuwon masara ne safe da dare, ba gyaɗa, ba wake, ba nono, in aka ga bayan hannun uwar gida ko na tsoho ya yi baƙi yana ɓarewa, a daina cewa sammu ne ko sanyi. A je asibiti, maganin ƙwaya ce mai araha, kuma a dawo da ƙuli cikin kwano.

Yanzu ga mata, kuma a nan zan ɗan jima. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Babban abin da ke kawo shi rashin sinadarin ƙarfe ne a abinci, sai zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa su ƙara. Mace mai wannan hali za ta ga tafin hannunta ya yi fari, cikin fatar idonta ya koɗe, farcenta yana karyewa ko ya lotsa a tsakiya, gefen bakinta yana tsagewa, in ta tsefe kai gashi ya cika matsefi. Wata har ta riƙa kwaɗayin cin ƙasa. Sai ta tafi neman man gashi, alhali tushen gashin ne ba ya samun jini isasshe.

Akwai zubar gashi da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Wannan ba abin tsoro ba ne, sauyin jiki ne, kuma yakan daidaita kafin yaro ya shekara. Haka bayan zazzaɓi mai tsanani, sai an yi wata biyu ko uku da warkewa sannan gashin ya fara zuba, har mutum ya manta abin da ya jawo. Amma in zubar ta ƙi tsayawa, ga kasala, ga jiri, ga haki in an ɗan yi tafiya, a auna jini. Al'adarmu ta jego tana da abin yabo, kaurin da ake yi wa mai jego da gasasshen nama da hanta gyaran jini ne na gaske. Kunun kanwa kuwa ba ya ƙara jini ko ɗigo, kuma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shan sa, tare da zafin wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. A rage kanwa, kuɗinta a sa a hanta. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo kuma a sha su. Baƙin bayan gida da suke sawa ba illa ba ce, kuma ba sa sa ɗa ya yi girman da zai hana haihuwa, kamar yadda ake faɗa a tsakar gida.

Ƙarfen da ke cikin ganye da wake da gero ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, yana son abu mai tsami ya raka shi. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko na rama, a yanka ɗanyen tumatir, a ci gwaiba, a dama garin 'ya'yan kuka a kunu. Jiƙa hatsi ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, shi ma yana taimakawa. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare ƙarfen a hanji. Mai ƙarancin jini ta bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi.

Malam maigida, wannan ɓangaren naka ne. A yawancin gidajenmu in an samu ɗan nama, tsokar kwanonka take tafiya, yara su samu romo, uwar gida ta ci abin da ya saura a tukunya bayan kowa ya ƙoshi. Ladabi ne, kuma ba wanda ya ce a bar ladabi. Amma a gidan nan wanda ya fi bukatar tsokar shi ne ɗan wata goma da ke rarrafe, sai mai ciki, sai mai shayarwa. Kai ne kaɗai za ka iya cewa a juya rabon ba tare da an ga baƙin kowa ba. Ga kaji da zabi a gida, ƙwansu duk kasuwa yake tafiya, a sayo abin da bai kai shi amfani ba. Har yanzu akwai masu cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata. Ƙwai bai taɓa mai da ɗan kowa ɓarawo ba. A bar wa yaro ko guda biyu ko uku a mako, in ana da hali kullum.

Wani abin da fata ke nunawa shi ne rashin bitamin A. Fata ta bushe, bayan damtse da cinya su yi ƙananan ƙuraje masu kaushi, sannan ga dundumi, yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi. Maganinsa na nan a kabewa, karas, mangwaro, gwanda, manja, hanta da ɗanyen ganye irin su zogale, alayyahu da tafasa. Amma sai da ɗan mai jiki ke iya ɗaukarsa, don haka miyar da ba ta ga mai ba ta yi asarar rabin amfaninta. Tun 2002 doka ta wajabta sa wannan bitamin a man girki da sukari da fulawar da masana'antu ke yi a Najeriya, alamarsa hoton ido ne a jikin mazubin. Man da aka juye a kwalba aka jera cikin rana yana rasa shi a hankali. Sannan sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da yara, ana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara biyar wannan bitamin a baki kyauta, shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga waɗanda suka haura. In masu ɗigawa sun zo, a fito da yara.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya tafi kemis ya sayo ƙwayoyin bitamin ya riƙa sha ba ƙa'ida. Bitamin A in ya yi yawa shi kansa yana zubar da gashi, kuma yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Ƙwayoyin gyaran gashi da ake tallatawa a TikTok da Facebook ba sa ƙara komai ga wanda jikinsa bai rasa abin ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ci mini rai. A gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, ana rasa kuɗin wake amma ana samun na man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan sauya launin fata, kuma a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawan mayukan nan na ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa, wasu ma har ƙoda suke taɓawa. Haka ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake ba 'yan mata gab da biki don su ciko. Kumburi suke sawa, su tayar da hawan jini da ciwon sukari. Ban ga laifin yarinyar da ke son ta yi kyau ranar aurenta ba, haƙƙinta ne, kuma lalle da dilka da man kaɗanya ba su cutar da kowa ba. Laifin namu ne manya da muka bari aka koya mata cewa haske shi ne kyau. Sheƙin da ake gani a fatar mai lafiya, baƙa ce ko fara, daga jini isasshe yake zuwa da abinci mai mai da barci. Iyayen amarya da za su ba ta wata uku tana cin wake da ƙwai da nono da ganye, da sun ga abin da kwalba ba ta bayarwa.

Masu hali su ma ba su tsira ba, ta wata ƙofar abin ke shigo musu. Yawan lemon kwalba da kayan zaƙi na iya tsananta ƙurajen fuska ga matasa. Mai ƙiba kuma da ya ga bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri, yana ta dirza da soso ya ƙi fita, ba dauɗa ba ce. Sau da yawa gargaɗi ne cewa ciwon sukari na tafe, ya je a auna shi.

Ba kuma kowace matsalar fata ce ta abinci ba, kada a ɗora wa tukunya laifin da ba nata ba. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne ke shiga fata, tana yawa inda aka cunkushe kamar wuraren 'yan gudun hijira da makarantun allo, kuma sai an yi wa duk masu kwana tare magani a lokaci guda an wanke tufafi da shimfiɗa. Makero da ke cin kan yara ya bar da'ira ba gashi, ta aska da matsefi da hula yake yaɗuwa, maganin sha yake so na makonni. Gashin goshi da ke ja da baya ga mata, yawancinsa kitso ne mai tsauri. Sanƙon maza gado ne, ba abincin da zai dawo da shi. Faso da kaushin hunturu kuwa, man kaɗanya bayan wanka ya ishe su. Abin da abinci ke yi a nan shi ne, jikin da ya ƙoshi ya fi saurin warkewa.

Ga mai ƙaramin yaro, abin yi a bayyane yake. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar, shi ne kariyar farko. Nono zalla har wata shida. Daga nan kunun yaro ya daina zama ruwan gasara. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a niƙa tare. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta hanta take ci. In an dama a sa ɗan cokalin mai ko garin busasshen zogalen da aka shanya a inuwa. Garin ƙananan kifi, irin wanda ake samu daga madatsar ruwa ta Zobe, ko garin fara, ko nonon akuya da aka tafasa, duk suna shiga. Kuma a yi haƙuri da gashin. Wanda ya riga ya koɗe ba zai koma baƙi ba, sabon da ke tsirowa daga ƙasa za a duba, shi kuwa sai an yi wata biyu ko uku kafin a gan shi sosai. Fata takan riga shi, walwalar yaron kuma ta riga su duka.

Saura hukuma. Uwar da ke ƙauyen bayan Runka ko Ruma, in sai ta nemi kuɗin mota ta bi hanyar da take tsoro har Katsina kafin a duba ɗanta, to za ta jira har sai abin ya yi tsanani, kuma a nan ake rasa yara. Muna kira ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Safana da Batsari su tabbatar asibitocin da ke kusa da jama'a suna da abincin tamowa na ƙunshi a kowane mako, musamman daga Yuni zuwa Oktoba. A raba wa iyaye mata tsinken awon damtse mai launi uku, a nuna musu yadda ake ɗaura shi: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro na cikin haɗari. Masu unguwanni da limamai kuma su tsawata a kan sayar da wannan abinci a kasuwa da rabon sa ga manya a gida. An auna shi ne daidai nauyin yaron da aka rubuta wa, kuma kowane ƙunshi da aka karkatar, kwanakin jinyarsa ne aka ƙara.